Layin Dogo Mai Faɗin Milimita Tara: Martani Ga Malam

Na karanta rubutun Malam na fitowar da ta wuce, wanda ya yi a kan saurayin nan mai gyaran waya da ke shimfiɗa ɗan mitsitsin layin dogo da hannunsa a bisa allon katako, a nan arewacin Kaduna. Malam dattijo ne a fagen alƙalami, mun jima muna ɗebo ilimi a rubuce-rubucensa, kuma ba na shakka tausayin yaron da kishin garin nan ne suka sa ya yi magana. Amma a wannan karon ban bi bayansa ba, kuma ina neman izini in faɗi dalili. Maganar babba tana da nauyi. Ina tsoron kada ta sa yaron ya jingine aikin da, a ganina, ya fi yawancin abin da muke koya wa 'ya'yanmu a ajin fasaha amfani.

Inda Malam ya tsaya, in na fahimce shi daidai, shi ne wannan sha'awa ta Turawa ce masu ƙoshi, waɗanda jiragensu na gaske ke zuwa a kan lokaci, har suka sami sararin yin na wasa. Mu kuwa da ciyawa ta rufe dogon da ya ratsa garinmu, ɓarayi na kwance ƙarafansa suna kai wa 'yan gwangwan, abin kunya ne a ga mai lafiyar ido da hannu yana ƙarar da darensa a kan layin da ba zai kai kowa Zariya ba. Ya ƙara da cewa in ma dole sai an yi, ai kamfanoni na sayar da layin a kwali, a saya a harhaɗa a huta, lokacin da ya rage kuma a je kasuwar Panteka a koyi walda, ko a zauna gaban kwamfuta.

A duk tsawon rubutun, Malam bai gaya wa mai karatu yadda ake aikin ba. Hoto ya gani ya yanke hukunci. To bari mu leƙa aikin tukuna.

Masu wannan sha'awa a duniya suna da ma'aunan da suka daidaita a kansu. Wanda ya fi yaɗuwa shi ake kira HO, inda ake ƙanƙantar da komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin biyu ta zama milimita 16.5. Ƙasa da shi akwai N, sau 160, tazara milimita 9, kuma shi yaron nan yake yi. Sai Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, sau 220, tazara milimita 6.5. Japanawa ma sun gangara har milimita 3. Lambobin nan ba da ka aka tsinto su ba. Layin Abuja da ya zo ya ƙare a Rigasa faɗinsa milimita 1,435 ne. Raba shi gida 160 ka ga tara saura ƙiris, raba shi gida 220 ka ga shida da rabi.

Mai shimfiɗa layi da hannu daga takarda yake farawa. Zai zana layin da lanƙwasarsa da mararrabarsa, ya manna zanen a allo. Sannan ya samo fanel na lantarki mai rufin tagulla, irin na cikin rediyo, wanda ba a riga an fitar masa da hanyoyin wuta ba, ya yanyanka shi siri-siri, faɗin kowanne kamar milimita ɗaya da rabi. Waɗannan su ne 'yan gumaguman da ƙarfen dogo zai hau. Ƙarfen kansa gami ne na tagulla da tutiya da nikel, an zaɓe shi don ba ya saurin dusashewa ya hana wuta wucewa, kuma mafi siririn da aka saba amfani da shi a wannan ma'auni tsayinsa daga ƙasa zuwa sama milimita ɗaya ne da ɗigo. Zai kwantar da ƙarfe na farko, ya liƙa shi da dalma a kan gumaguman ɗaya bayan ɗaya. Na biyu kuwa ba a ɗora shi da ido. Akwai ɗan ma'auni mai tsaga biyu da ake zura ƙarafan a ciki, ana turawa ana liƙawa, don kada tazarar ta motsa. In zafin ƙarfen liƙi ya yi yawa, tagullar ta ɗaye daga fanel. In bai isa ba, dalma ta zauna a sama ba ta kama ba, bayan kwana biyu ta saki. In dalmar ta yi tudu ta ciki, leɓen ƙafar tarago ya taka ta ya yi tsalle.

Bai gama ba. Ɗan jirgin da wutar da ke bin ƙarafan biyu yake tafiya, ɗaya na kawowa ɗaya na mayarwa. Tunda gumaguman tagulla ne a samansu, dole ya bi kowanne da magagari ya yanke tagullar a tsakiya. Ya manta guda ɗaya tak a cikin ɗari, wuta ta haɗe, layin gaba ɗaya ya mutu, sai ya ɗauki mita yana bi yana neman inda laifin yake. Kuma dole ya bar 'yar tazara a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, domin layin da aka liƙa da sanyin hunturu, in zafin watan Maris na Kaduna ya shigo ɗakin kwano, zai miƙe ya karkace. Wannan matsala ita ce dai injiniyan babban dogo yake fama da ita a filin Allah.

Yanzu a duba kuskure. Kaurin takardar rubutu guda kusan kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. A ma'aunin N, karkatar da ta kai kaurin takarda ɗaya daidai take da milimita 16 a layin gaske. Takarda biyu, an wuce santimita uku. Kuma mai duba aikin ba mutum ba ne, ɗan taragon ne da kansa. Ba ya karɓar uzuri, bai san ɗan wane ba, ba a yi masa kuka ya ƙara maki. In an yi daidai ya wuce, in an kauce ya faɗi, ya kuma faɗi a daidai wurin da aka kauce. Ina so Malam ya nuna mini jarrabawa ɗaya a makarantunmu na fasaha da ta kai wannan gaskiya.

Wurin da aikin ya fi tsanani shi ne mararraba, inda layi ɗaya yake rabuwa biyu. A nan akwai harsuna biyu na ƙarfe da ake gogewa da magagari har bakinsu ya yi kaifi, don in sun jingina da babban ƙarfen ƙafar jirgi ta hau ba tare da ta ji gargada ba. Akwai tsinin da ƙarafa biyu ke haɗuwa a kusurwa, inda dole a bar gurbin da leɓen ƙafa zai wuce. Akwai kuma gajerun ƙarafan tsaro a gefe, waɗanda ke riƙe ƙafar ɗaya ɓangaren don kada 'yar'uwarta ta bi ta inda ba a aike ta ba. Gurabun nan duk ba su kai milimita ɗaya ba, kuma kowanne ya dogara da sauran. Ka buɗa wannan, wancan ya matse. Wanda ya taɓa haɗa mararraba da hannunsa har ta yi aiki ya san dalilin da jirgi ke sauka daga layi, sani na hannu, ba na hadda ba. A ranar 26 ga Agustan 2025 jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ɗauke da ɗaruruwan mutane ya sauka daga layi a Asham, kuma rahoton farko na hukumar binciken haɗurra a kan mararrabar tashar ya fi mai da hankali. Garin da jirginsa na gaske ke tuntuɓe a mararraba bai kamata ya kori yaron da ke kwana yana nazarin mararraba ba.

Sai maganar saye a kwali, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki daga bakin Malam, mutumin da ya sha yi mana faɗa a kan zama 'yan karɓa.

Kamfanonin da ke yin layin kwali kasuwarsu suke ƙera wa, wato Jamus da Amurka da Ingila da Japan. Kuma ko a can, masu lura sun san na kwali ya faye kauri. Wanda aka daɗe ana sayarwa a ma'aunin N tsayin ƙarfensa milimita biyu ne, wanda in aka mayar da shi girman gaske ya haura santimita 32, kusan ninki biyu na ƙarfen dogo mafi nauyi da aka saba shimfiɗawa. Wasu a Ingila ma sun kafa ƙungiyarsu ta masu ma'aunin milimita biyu a 1960, suna shimfiɗa nasu da hannu. Su da kanti ke bayan gidansu ke nan.

Mu namu dalilin ya fi nasu ƙarfi, domin dogon da ya haifi Kaduna ba mai faɗin 1,435 ba ne. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, shi kansa injiniyan jirgin ƙasa, ya kuma isa Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Inda ya ƙetare kogin Kaduna, nan gari ya tsiro, har aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan a 1917. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya zo ya haɗe da shi a kudancin kogi a 1927. Wanda ya wuce ta tashar Kaduna ta Arewa ya nufi Rigachikun da Zariya, da reshen Ƙaura Namoda, da na Nguru, duk faɗin ɗaya ne. Raba 1,067 gida 160, amsa milimita 6.7 ce. Ana iya aron layin Z mai 6.5, amma gumagumansa an yi su ne don ƙanƙantarwa sau 220, sun yi ƙanana sun kuma yi kusa da juna, duk wanda ya san dogonmu zai gane ba shi ba ne. Mutanen Niyu Zilan, da suke da irin faɗin namu, sai da suka ƙirƙiro ma'auninsu na sau 120 don layin milimita 9 ya yi musu daidai. Japanawa suka zaɓi sau 150 suka haƙura da layin da ya fi nasu faɗi.

Akwai kuma ƙaramin jirgin kuza da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos har Bukuru, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957. Faɗinsa ƙafa biyu da inci shida, milimita 762. A ma'aunin N bai kai milimita biyar ba, kuma ba kantin da za ka shiga ka ce a ba ka shi. An kwashe ƙarafansa, waɗanda suka hau shi sun kusa ƙarewa. In wani yaro a Kaduna ko Zariya bai zauna ya sake shi da hannunsa ba, jikokinmu ba za su taɓa ganin yadda yake tafiya ba, ko da a kan tebur.

Kuma a lura da abin da wannan buri yake tilasta wa mai shi. Ba zai iya kwaikwayon dogon Kaduna daga ɗaki ba. Sai ya ɗauki tef ɗin awo ya je bakin layi, ya ƙirga gumagumai nawa ne a ƙarƙashin ƙarfe guda, ya ga cewa da yawansu na ƙarfe ne ba na katako ba, ya duba yadda aka ɗaure dogon a kansu, ya auna tsayin dandamalin tasha, ya tsaya ya kalli gadar jirgi ta kan kogi yana zana ƙafafunta. Sai ya je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ko Gidan Arewa a titin Rabah, ya nemi tsofaffin taswirori. Sai ya nemi littafin tarihin Reluwe mai juzu'i uku da Francis Jaekel ya rubuta. Sai ya durƙusa gaban tsofaffin ma'aikatan Reluwe da suka yi ritaya ya tambaye su yaya taragon gyaɗa yake, yaya na shanu yake, wane launi aka shafa wa na fasinja. Malam ya koka da masu kwance dogo. Ni ma ina kuka da su. Amma mai kwance dogo kilo yake gani, kuma abin da ya sa yake ganin kilo shi ne ba wanda ya taɓa nuna masa wani abu dabam a jikin ƙarfen. Yaron da ya auna layin da hannunsa yana cikin 'yan ƙalilan a garin nan da har yanzu suke kallon dogo a matsayin dogo.

Malam ya ce a je Panteka. Madalla da Panteka. Duk wanda ya shiga ya ga yadda ake mai da tarkace injin niƙa, da tukwane, da ƙofofi, da kayan gyaran mota, ya san garin nan ba ya rashin basira ko ƙarfin dantse. Ba banza ba Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantarta, ta miƙa hannu ga masu sana'ar kasuwar don a ba gwanintarsu takardar shaida. Amma ina roƙon a bar ni in faɗi abin da masu gidan da kansu suka sani. Sau da yawa in mutum ɗaya ya ƙera inji biyu, ba za ka cire wani sashe daga wannan ka sa a wancan ya zauna ba sai an sake gogewa, an sake hudawa, an ɗan buga guduma. Kowane inji shi kaɗai ne a duniya. Wannan shi ya hana mu tashi daga ƙera ɗaya zuwa ƙera dubu, kuma ba walda ce ta gaza ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne riƙon awo, wato a ce milimita tara, a kuma tsaya a kan tara yau da gobe, a hannun maigida da hannun yaronsa, a yi ma'aunin da zai tilasta hakan ko da mai aikin ya gaji.

Masu ƙananan jiragen nan sun sha wannan darasi tun tuni. A Amurka, a 1935, suka kafa ƙungiya ta ƙasa musamman saboda taragon wannan kamfani ba ya hawa layin wancan, suka zauna suka rubuta iyakar da kowane awo zai tsaya. Manyan ma sun sha shi da tsada. Ingila ta yi shekaru da layi mai faɗi iri biyu, ana sauke kaya ana sake lodi a inda suka haɗu, har majalisa ta yi doka a 1846, kuma ba a gama cire mai faɗin ba sai 1892. Mu ma a Zariya haka aka riƙa juye kuza daga ƙaramin jirgi zuwa babba, kuma yau jirgin da ke tsaye a Rigasa ba zai iya taka tsohon layin da ya ratsa cikin gari ba. Saurayin da ya yi wa kansa ɗan ma'auni mai tsaga biyu ya riga ya fahimci abin da ya sa haka, ya kuma fahimci maganinsa. In ya shiga Panteka gobe, ba hannu rabbana zai shiga ba.

Harhaɗa abin da wani ya ƙera kuwa, ai Kaduna ta fi kowa saninsa. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri, dubban mutane sun ci abinci, ba mai raina wannan. Amma shekara hamsin ke nan, kuma har yanzu in ƙaramin sashe mai bukatar tsananin awo ya lalace a inji, jiran jirgin ruwa ake yi. Layin Rigasa mai kilomita 186 da aka buɗe a Yulin 2016 kamfanin CCECC na Sin ne ya shimfiɗa shi, na Kaduna zuwa Kano shi ma haka, na Kano zuwa Maraɗi kuma kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Za su gama su tafi. Riƙon layin shekara hamsin masu zuwa, da gyaran mararrabarsa, da auna faɗinsa kowane wata, a wuyan 'ya'yanmu zai rataya. Wanda aka saba masa da buɗe kwali tun yana yaro, in ya girma kwali zai jira.

Game da cewa wasan masu ƙoshi ne, ina ganin Malam ya manta da lungunan da ya tashi a ciki. Wane yaro ne a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ko Kawo bai yi motar kara ba, ko ta gwangwani, da tayar tsohon silifa, da sitiyarin waya mai tsawo? Yunwa ba ta taɓa hana yaranmu ƙera ƙaramin abin da suka gani babba ba. A 2022 wani yaro a Maiduguri ya gina samfurin gadar sama da laka, ƙasa ta ɗauka, Gwamna Zulum ya ɗauki nauyin karatunsa, kowa ya yi murna. To me ya sa abin da muke tafa wa ɗan shekara goma sha uku yake zama abin kunya a hannun ɗan ashirin da wani abu? A lokacin ne ma ya fara zama ilimi, domin a lokacin ne ya bar "kamar haka yake" ya koma "ga adadinsa". Tsakanin motar gwangwani da teburin injiniya akwai matakala guda da muka bari ta karye, kuma yaron nan a kanta yake tsaye. Jelani Aliyu, wanda a Kaduna aka haife shi, daga zanen motoci na ƙuruciya ya kai ga zana Chevrolet Volt a Amurka. Da an ce masa ya daina ɓata takarda, da ba mu san sunansa ba.

Tarihin injuna ma yana gefen yaron. A hunturun 1763 zuwa 1764 aka kawo wa James Watt, mai gyaran kayan awo a Jami'ar Gilasgo, ɗan samfurin injin tururi na koyarwa da ya ƙi aiki yadda ya kamata. A kan wannan ƙaramin abu ya gano yadda injin ke asarar zafi, daga nan ya fito da gyaran da ya yi wa rajista a 1769, wanda ya sauya masana'antun duniya. A jami'ar MIT ta Amurka, ɗaliban ƙungiyar ƙananan jiragen ƙasa da aka kafa a 1946, waɗanda ke kwana ƙarƙashin tebur suna haɗa wayoyin sigina da tsofaffin kayan tarho, suna cikin na farkon da suka buɗe fagen sarrafa kwamfuta na zamani. Kwamfutar da Malam ke tura yaron gare ta, wani reshe na asalinta a ƙarƙashin irin wannan tebur yake. Kuma masu shimfiɗa layi na yau da kwamfuta suke zana taswirar mararraba, wasu har da na'urar ɗab'i mai fitar da abu a tsaye suke yin gumagumai. Sai dai layin da ke kan gilashin kwamfuta zafi ba ya miƙar da shi, dalma ba ta yi masa tudu, kuma mai zanensa bai taɓa ƙona yatsa ba.

Ban ce kowane mai wannan sha'awa zai zama Watt ba. Yawancinsu ba za su zama ba, kuma ba na son in kare yaron da amfani kaɗai, kamar wanda sai ya kawo rasit kafin a bar shi ya ji daɗin darensa. Mutum ya wuni a rumfa yana gyara wayoyin jama'a, ya ci halaliyarsa, ya koma gida. Wani zai tafi gidan kallon ƙwallo, wani majalisar dara, wani kejin tattabarunsa. Ba wanda ya ce da su ƙasa na cikin wani hali. Ƙwallon ma baƙuwa ce, haka folo da ake bugawa kusa da dandalin Murtala, wanda yanzu sarakunanmu ke ji da shi kamar gadon kaka. Jirgin ƙasan kansa baƙo ne da ya shekara ɗari da 'yan kai, har ya shiga bakinmu da waƙoƙinmu. Talaka ma yana da haƙƙin ya so abu don kyansa, ya kuma ƙware a kai. In muka ce nutsuwa da tsanaki sai mai ƙoshi, mun yi wa kanmu mugun baki.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, kuma ba zan tsallake ba. Kan jirgin mai mota a ciki ba a yin sa a nan, daga waje yake zuwa, da dala ake saye, kuma a yau wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai rumfar waya. Aikin yana cin ido. Hayaƙin liƙi ba abin shaƙa ba ne a rufaffen ɗaki, kuma dalma guba ce, sai an wanke hannu kafin a taɓa abinci, a kuma nesanta ta da ƙananan yara. Da a kan waɗannan Malam ya ja kunnen yaron, da na sa hannu a ƙasa. Amma tsadar kan jirgi hujja ce ta shimfiɗa layi da hannu, ba ta barinsa ba, domin layin da mararrabarsa su ne ɓangaren da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi da kansa. Ƙarfen liƙi, da hantsaki, da gilashin ƙara girma, da mita, duk suna kan teburin mai gyaran waya tun kafin ya yi mafarkin jirgi. Ko kan jirgi babu, tarago ɗaya da ake turawa da yatsa ya isa ya gaya maka ko aikinka ya yi.

Da Malam zai juya alƙalaminsa, ga inda nake ganin zai yi aiki. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa hedkwatarta a titin Bida take, a nan Kaduna. Cibiyar nazarin sufuri tana Zariya. Ba abin da zai hana a sa ɗalibin shekarar farko a sashen injiniya ya haɗa mararraba ɗaya mai aiki kafin ya wuce, a ma'aunin sau 87 da tazarar milimita 12, wanda shi ne daidai da tsohon dogonmu kuma bai kai N wahalar ido ba. Gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu yana da masu sana'ar hannu a harabarsa, tebur ɗaya mai ɗauke da tashar Kaduna ta Arewa yadda take a zamanin gyaɗa ba zai fi ƙarfinsa ba.

Abin da ya rage shi ne ƙarfen dogon kansa, wanda har yanzu sai an yi odarsa. Masu ƙananan ma'aunai a Ingila sun daɗe suna amfani da siririn ƙarfe lebur da ake tsayarwa a kan gefensa, ba lallai sai mai siffar dogo sak ba. Maƙeran farinmu kuwa tun kaka da kakanni suke jan azurfa ta cikin hudar ƙarfe su fitar da zare. Malam ya fi ni sanin dattawan Panteka, kuma za su saurare shi fiye da yadda za su saurare ni. Ya tambaya mana wane ne a cikinsu zai iya jan farin ƙarfe mai tsayin milimita ɗaya da kaurin rabin milimita, tsawon mita guda, kaurin bai canja ba daga wannan baki zuwa wancan, kuma nawa zai sayar da mitar.